Sunan da Aka Kira a Ife

Takur, Dutse
Watan Satumba

Zuwa ga Yaya Luba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji Ashafa da duk mutanen Sabon Ibadan. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Malam ce dai har yanzu sai da sanda, Zulfa da Umaima kuma sun koma makaranta.

Na sha ɗaukar waya in kira ki, da ta fara ƙara sai in kashe, don murya ba ta fita. Shi ya sa na ce bari in rubuta, tunda ƙanena Yahuza yana lodin awaki daga kasuwar Gujungu zuwa Ibadan, zai kawo miki har gida. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a firamare na tsaya.

Ina so ki ji yadda na sani, don ba wanda ya faɗa min. Ina tsakar gida da hantsi ina suyar ƙuli-ƙuli, sai maƙwabciyata Nana Aisha ta shigo ta ce aron tabarmi ta zo. Na ce ta ɗauka. Ta kwashe har da ta ɗakin Malam. Can sai ga wata ta shigo, sai ga wata, kowacce ta gaishe ni ta nemi wuri ta zauna, ba mai faɗin abin da ya kawo ta. Sai ga Baffa, yayan Malam, daga Taura, shi da ba ya zuwa sai da dalili. Ya tsaya daga zaure ya ce an yi waya daga Ibadan, yaron nan ya yi haɗarin mota a hanyarsa ta dawowa daga Ife, jikin ya ɗan yi tsanani, a taya da addu'a. Na ce Allah ya sawwaƙe, na ci gaba da juya ƙulina. Da na ɗaga kai sai na hango ta ƙofar zaure ana shimfiɗa tabarmina a waje, a inuwar darbejiya. Yaya, ba a yi wa mara lafiya shimfiɗa a ƙofar gida. A nan na gane. Na sauke kaskon don kada man ya ƙone, na je na yi alwala.

Daga baya aka ce min tun kafin la'asar Alhaji da mutanen unguwarku sun kai shi makwancinsa. Allah ya saka musu da alheri.

Ga abin da ya sa na matsu in rubuta. Wani malaminsu na jami'a ya kira Malam. Ya ce yaron nan ne ya fi kowa a ajinsu na masu karatun ƙasar noma, kuma a watan Disamba, ranar bikin gama karatu, za a kira sunansa a gaban jama'a, ana so wani daga gida ya je ya karɓi takardarsa. Malam ya ce a kira masa Baffa, ya maimaita masa har sau biyu. Ni ina ɗaki ina ji. Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye miki ba, amma ban fito ba.

Ke ya kamata ki je. Ɗan fari ne, kin san ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na dubi fuskarsa a gaban mutane ba. Ranar da aka yaye shi a Taura, Inna da hannunta ta goya miki shi, don kakanninmu wa da ƙani ne, kuma Allah bai ba ki naki ba. Da kuka tashi komawa Ibadan da shi kika tafi. Ke kika san ƙyandarsa da kaciyarsa da saukarsa. In ya zo hutu nan, Zulfa yake zaunarwa yana ba ta labarin Kudu da ƙarfi don in ji, wai akwai wani ruwa da ke zubowa daga kan dutse kamar an tsage sama. Ni kuwa in yi kamar tsintar shinkafa ce ta ɗauke min hankali.

Ɗanki ne. Amana ce na ba ki, a hannunki ta girma, a hannunki kuma Mai ita ya karɓa. Allah ya ba ki haƙuri.

Na ba Yahuza dabino da kuka da daddawa ya kawo miki.

Ƙanwarki,
Rabi'atu

*

Sabo, Ibadan
Watan Oktoba

Rabi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya gwargwado. Hawan jinina ya tashi, likita ya hana ni gishiri, Alhaji kuma ya daina fita kasuwar goro sai jefi-jefi. A gaishe da Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Saƙo ya iso, an gode.

Na karanta takardarki, na sake karantawa. Shafi biyu cur, Rabi, kin ba ni labarin kasko da tabarma da darbejiya, amma ba ki rubuta Fa'izu ba ko sau ɗaya. Fa'izu. Ga shi na rubuta miki, alƙalamin bai karye ba. Yahuza ya ce ranar uku ke kike raba wa masu gaisuwa abinci, idonki a bushe, mata suna ta yabon dauriyarki. To madalla. Ni nan sai da aka riƙe ni.

Sannan kika ce a hannuna Mai ita ya karɓa. In kina nufin a hannuna ya salwanta, ki faɗa min kai tsaye, ba sai kin naɗe shi da addu'a ba. Na san Yahuza ya gaya miki ni na kira shi ranar na ce ya taho gida, tunda ya gama jarrabawa me zai zauna yi. Dambun zogale na yi masa. Kullum da wannan nake kwana, ba sai an aiko min da tuni daga Dutse ba.

Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Tun bara yake shirin zuwanki bikin nan. Ya roƙi matar da yake haya a gidanta a Ife ta ajiye miki ɗaki. Ya ce zai kai ki Erin-Ijesha ki ga ruwan nan da idonki, ya kawo ki Ibadan ya hau da ke saman dogon benen nan, Gidan Koko, ki ga rufin gari ja har iya ganinki. Na ce masa, kai, ta Dutse ba za ta zo ba, ka san halinta. Ya yi dariya ya ce, "Umma, ranar nan kam sai ta dube ni, ko tana so ko ba ta so."

Yanzu kuma kina tura min takardarsa kamar ana tura wa maƙwabciya ragowar tuwo. Ni ba zan je ba. Ƙafata ba za ta taka hanyar Ife ba, hanyar da ta cinye min yaro. In an kira sunansa an rasa mai amsawa, shi ke nan, sai su ajiye a akwati.

Na san kara, a Taura aka haife ni, ni ma na ga Inna ta yi wa nata ɗan farin. Amma wanda ake yi wa karar ya tafi. In kara za ki kawo min, ki riƙe abarki a Dutse. Gidana ya cika da kuka, ba inda zan ajiye ta.

Luba

*

Sabo, Ibadan
Ƙarshen Nuwamba

Rabi ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ya jikin Malam, ya yara? Ni da sauƙi, jinin ya ɗan sauka.

Shirun ya yi yawa. Yahuza bai ƙara leƙo mu ba, ko ya zo gari a kasuwa yake sauke awakinsa ya juya. Na san dalili.

Alhaji ya tarar da takardarki a ƙarƙashin matashina, ya karanta, ya ce min, "Hajiya, ina zargin a nan? Yarinya ta ba ki ɗa yana da rai, ta sake ba ki shi bayan ya mutu, ke kuma kin aika mata da wuta." Na yi masa gardama, amma da na sake dubawa da idon da ba hawaye, na ga gaskiyarsa. Ciwon da ke cikina ne na karanta, ba rubutunki ba.

Ki yafe min. Ban kira ki a waya ba don kunya, kuma abin da hannu ya ɓata gara hannu ya gyara. Zan ba da takardar nan ga wani direba mai kai goro Shuwarin, ya ce zai sa a miƙo miki Takur.

Ki zo, Rabi. Ki sauka a nan. Na share ɗakinsa, na wanke labule. Daga nan Alhaji zai samo motar da za ta kai ku Ife, ku je ku dawo ki ba ni labari, tunda ni har yanzu zuciyata ba za ta iya hanyar ba. Ki zo da kararki ma in kina so, zan nema mata wuri.

Yayarki,
Luba

*

Ile-Ife
Watan Disamba

Zuwa ga Yaya Luba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Alhaji, Allah ya sa jinin ya sauka. Na bar Malam da sauƙi a hannun Zulfa.

Za ki yi mamakin ganin daga inda nake rubutu. Takardarki ta Oktoba ita ce ƙarshen abin da na ji daga gare ki. Ban amsa ba don ban san me zan ce ba. Wallahi ban san ke kika kira shi ranar ba, Yahuza bai taɓa faɗa min ba, kuma da na sani ma, uwa ce ta kira ɗanta ya ci dambu. Amma maganar da kika yi cewa za a kira sunansa a rasa mai amsawa, ita ta hana ni sukuni. Na ce wa Malam zan je. Ya ce, "Ke?" Na ce ni, amma Yahuza ne zai tashi ya karɓa, ni daga baya zan zauna. Kin ce in riƙe karata a Dutse, ni kuma ban san yadda ake cire ta a ajiye ba, don haka na ce wa Yahuza mu bi hanyar da ba ta ratsa Ibadan, kuma kada ya gaya wa kowa.

Yaya, ashe ƙasar nan haka take da faɗi. Ni da ban taɓa wuce Kano ba. Mun kwana a Lokoja, a wani masauki kusa da tasha, ɗaki mai fanka da ke kuka kamar injin markaɗe, ga zafi ga sauro. Da safe Yahuza ya ce tunda mun zo sai na ga inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Muka hau wani tudu. Ruwa biyu ne, kowanne da launinsa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. Na ce wa Yahuza duk ruwan nan ba mai shi? Ya ce na Allah ne. Na ce to Allah ya tuna da mutanen Taura a watan bazara. Mun ci soyayyen kifi a nan wanda tsakarsa kaɗai ta ishe mu mu biyu.

Daga Okene hanya ta shiga duwatsu, daga nan kuma daji. Ba irin dajinmu da kake hango mutum tun daga nesa ba. Bishiyoyi ne sun haɗe kai, ayaba tana fitowa a bakin titi kamar tafasa. Kusa da Akure na ga an shanya wani abu ja-ja a gefen kwalta, na ce ashe su ma suna da dabino. Duk motar aka yi min dariya, wai koko ne.

A Ife mun sauka a gidan da yake haya. Mai gidan wata dattijuwa ce, Iya Basira, Musulma, ta yi zaman Sabon Garin Kano tana sayar da atamfa, tana jin Hausa irin ta kasuwa. Tana ganina ta saki tsintsiya ta rungume ni tana kuka. Ɗakin da ya roƙa min tun bara shi ta buɗe, ta ce ko haya ba ta sa kowa ba. Ta kawo min amala, baƙi kamar an dafa shi da toka, da wata miya da suke ta yabo wai ewedu. Na ɗanɗana, ashe lalo ne, wanda ke fitowa a bayan gidanmu ba mai shuka shi. Barkonon dai ya sa ni hawaye, na kuwa gode masa, don ya ba ni abin fakewa.

Yanzu ga abin da nake so in gaya miki. Mutanen nan ba sa kiran mace da sunanta. Da sunan ɗanta na fari suke kiranta. Ita kanta Basira 'yarta ce ta fari. Tun daren farko ta leƙa waje ta sanar da duk layin, da safe ina fitowa alwala sai na ji daga ko'ina, mai sayar da biredi, mai ɗinki, har yara masu tafiya makaranta: "Iya Fa'izu, ẹ káàárọ̀." Wato uwar Fa'izu, ina kwana.

Ga shi na rubuta. Kin yi gaskiya, alƙalamin bai karye ba.

Na koma ɗaki da sauri kamar an kama ni da sata. Na ce wa Iya Basira mu a wurinmu ba a haka, ɗan fari kunyarsa ake ji. Ta ce, "To me suna kira ki a gida?" Na ce Rabi. Ta ce, "Rabi kawai? Kamar yarinya wanda bai haihu ba? Kin haifi mutum kamar wannan, kina ɓoye? Ni in na haife shi, a goshi zan rubuta." Na ce ai ba ni na rene shi ba, uwarsa tana Ibadan. Ta ce ta san ki, Umma, kullum yana maganarki, har dambunki ta ci. Ta ce, "Shi yana da uwa biyu, bai ɓoye ko ɗaya ba." Kafin azahar na gaji da gudu. Mai biredi ya sake kira, na ce na'am.

Malaminsu ya zagaya da mu jami'ar a motarsa. Gari ce guda, Yaya, da duwatsunta da asibitinta da kasuwarta, ga furanni an yi musu aski kamar kan ango. Ya kai mu ɗakin da suke gwaje-gwaje. A kan wani kanta na ga kwalabe cike da ƙasa, an manna musu takarda. Ban iya Turanci ba amma na iya karanta Taura. Na iya karanta Gujungu. Kin tuna in ya zo hutu yana bin fadamar Baffa yana ɗibar ƙasa a leda? Malam har tsiya yake masa, wai mutane suna kai tsarabar dabino shi yana kai turɓaya. Ashe bincike yake a kan abin da ke sa kanwa ta taso a fadamun da ake ban-ruwa har shinkafa ta ƙone, da yadda za a magance ta da abin da manomi ke da shi a gida. Malamin ya ce ɗalibai biyu za su ɗora daga inda ya tsaya. Na roƙa ya buɗe min kwalba ɗaya. Na shinshina. Ƙasarmu ce.

Na ajiye alƙalami a nan, yau na ɗauka bayan an yi bikin.

Zauren ya fi filin idi cika. Iyaye sun sha ankon leshi, ɗaurin kan wasu kamar faifai, ana ta kiɗa a waje. Ni da hijabina ruwan toka muka zauna can baya, ni da Yahuza da Iya Basira. Aka yi ta kiran sunaye, iyaye mata suna guɗa irin tasu. Can sai mai magana ya sassauta murya, ya yi dogon bayani da Turanci. Abin da na tsinta kawai Jigawa. Sai ya kira sunansa cikakke, har da na Malam. Duk zauren aka miƙe tsaye, aka yi tsit.

Yahuza ya yunƙura zai fita yadda muka shirya, Iya Basira ta damƙe masa riga ta ce, "Zauna. Kai ka haife shi?" Ba ita ta tashe ni ba, kada ki ce an tilasta min. Akwai wani babban allo a gaba, sai ga hotonsa ya fito a kai, fuskarsa ta fi ƙofar zaure girma, da hular nan da kika saya masa. Yana murmushi. Na sunkuyar da kai yadda na saba. Sai na tuna abin da kika rubuta min cikin fushi, cewa ranar nan sai na dube shi. Na ɗaga kai na dube shi, Yaya. Ashe haƙoransa irin na Inna ne. Ashe yana da ɗan tabo a gira, ban san a ina ya samo ba, ke za ki sani.

Ban san lokacin da na fara tafiya ba. Hanyar tana da tsawo, silifas ɗina kaɗai ake ji. Wani babba mai jar alkyabba ya sauko daga matakala da kansa ya tarye ni, ya miƙo min takardar da hannu biyu, ya rusuna. Mutum mai furfura, ya rusuna wa mai ƙuli-ƙulin Takur saboda abin da yaron nan ya yi. Aka ɗauki tafi. Daga can baya na ji muryar Iya Basira ta fi ta kowa, tana kiran sunan nan da suka sa min. Ban yi kuka ba sai da na dawo kujerata, a nan kam na yi wanda ban yi ba ranar uku, ba kuma wanda ya ce min in yi shiru.

Washegari muka je Erin-Ijesha. Hawa ne na matakala cikin daji, gwiwata ta kai ni hawan farko kawai, shi ma da hutawa. Bai yi ƙarya ba. Ruwan yana faɗowa fari fat daga sama, sanyinsa yana dukan fuska tun kafin ka isa, ƙararsa ba ka jin maganar na kusa da kai. Na tsaya a gefe na wanke fuskata. Ɗalibai suna ta wasa a ciki suna ɗaukar hoto, na yi ta kallonsu, duk sa'anninsa ne.

Takardar tana hannun Yahuza, zai kawo miki tare da wannan. Ni na karɓa, amma a ɗakinki ya kamata ta kwana. Zan koma gida tare da wasu mutanen Sabon Ife masu tafiya Kano. An ce min daga nan zuwa gidanki ba nisa. Na tsaya a tasha na ji ana kiran Ibadan, Ibadan, na daɗe ina kallon motar. Ban so in zo miki da abin da kika ce in bari a gida.

Ƙanwarki,
Rabi'atu

*

Sabo, Ibadan
Ƙarshen Disamba

Rabi,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Ina fatan kin isa gida lafiya kin tarar da Malam da sauƙi.

Yahuza ya sha faɗa, ki tambaye shi. Na ce masa kai da kake da waya a aljihu, yayarka ta ce ka yi shiru sai ka yi shiru, kai akuya ce? Ya ce shi tsakanin yayye biyu ba ya sa baki. Alhaji ne ya cece shi.

Ke kuma. Kin zo har Ife, kin kwana gidan Bayarabiya, kin ci amala, kin hau dutse, ni ina nan ina sake wanke labulen da na riga na wanke. Tuwon da na tuƙa a nan da zafinsa zai iske ki a can. Na aika miki takarda tun ƙarshen Nuwamba ina ba ki haƙuri, na ce ki zo ki sauka a ɗakinsa. Mai goron ya rantse ya bayar a Shuwarin. Tana can wani wuri tana jiranki, in kin same ta ki karanta, ki ga wautar tsofaffi biyu.

Alhaji ne ya karanta min taki da ƙarfi, don idona ya ƙi. Da ya zo inda kika rubuta sunan sai ya tsaya, ya cire tabarau, ya ce bari ya sha ruwa. Na karɓa na sa yatsa a wurin. Kin rubuta shi daidai, har da 'yar alamar nan ta tsakiya.

Tabon gira, a kasuwar Bodija ya samo. Yana ɗan shekara shida ya bi Alhaji kasuwa, ya ce sai ya hau amalanken doya. Akwai irin waɗannan da yawa da ban taɓa ba ki ba, don duk lokacin da na fara sai ki tashi ki ce tukunya tana ƙonewa.

Yahuza ya nuna min hoton da ya ɗauka kina tafiya a tsakiyar zauren. Na nuna wa duk matan layinmu, har da waɗanda ba ma shiri. Na ce ku duba, ƙanwata ce, daga Jigawa ta taso.

Takardar tana cikin ledarta a kan gadonsa. Alhaji ya kira mai firam, na kore shi. Ba za a rataye ta ba sai kina tsaye a ɗakin.

Yayarki,
Luba

*

Takur, Dutse
Watan Janairu

Zuwa ga Yaya Luba,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, ƙafafuna dai sun kumbura sun sauka. Malam yana gaishe ku, ya fara zuwa masallaci da kansa.

Takardarki ta Nuwamba ta iso bayan na tafi. A shagon mai shayi ta yi ta zama a Shuwarin, har ta sha maiƙo a gefe. Zulfa ce ta miƙo min ina shiga gida. Na karanta a tsaye da jakata a hannu. Ba abin da zan yafe, Yaya. Da ba ki yi min faɗan nan ba da ban je ba.

Labari ya riga ni zuwa Taura. Matar Baffa ta ce ashe Kudu tana cire wa mutum kunya, wai an gan ni a waya ina ratsa maza. Na ce mata e, ni ce. Baffa kuwa ba abin da ya dame shi sai kwalaben. Ya sa na maimaita masa yadda aka rubuta Taura, ya ce in ɗaliban nan suna son ƙarin ƙasa su zo da buhu, fadama tasu ce. Su Umaima kuma sun samu abin tsokana, in ina kiran su aike sai su ce, "Na'am, Iya Fa'izu." Ina ɗaga musu muciya, amma ban hana su ba.

Ki gaya wa mai firam ya yi haƙuri zuwa bayan ƙaramar salla, lokacin Malam zai iya zama ba ni. Yahuza ya ce zai sa ni a gaban mota, awaki a baya. Wannan karon ta Ibadan za mu bi. Ina so in ji na amalanken doya, da duk sauran, ba kuma tukunyar da zan ɗora. In gwiwarki za ta iya, ki kai ni saman Gidan Koko. Alhaji kuma ya nuna min ko bangon maƙabartar ne daga waje.

Na ga kogi biyu, na ga jami'a, na ga ruwan da ya ce in gani. Mutanen da ban sani ba sun yi min ta'aziyya da harshen da ba na ji. Amma ke da kika goya shi, har yau ban zo na zauna a gabanki na yi miki gaisuwar ɗanki ba.

Ƙanwarki,
Rabi'atu